Katin Jim Brown na 1958: in sayar ko in ajiye?

Malam, ka ce ka samu katin hoton Jim Brown, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, wanda kamfanin buga katuna na Topps ya fitar a 1958, a kayan kawunka da ya zauna Amurka, kana tambayar ko ka sayar. Kada ka yi gaggawa. Shi ne katinsa na farko, kuma irin waɗannan masu tara katunan ƙwallon Amurka suka fi nema. Sai dai jabu sun yi yawa. Ka aika wa PSA, kamfanin da ke duba ingancin katuna, su tantance, su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, ko hoton ya karkace gefe, farashi ya faɗi warwas. Don Allah kada ka goge shi ko ka datse gefensa, su kan gane. Ka sa shi a leda mai tauri tukuna.