Rediyo na cewa tattalin arziki ya farfaɗo, amma ɗana na zaune: in sayar da fadama?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Babban ɗana ya shekara shida yana kula da inji a wani kamfanin roba a Sharada, kuma abin da yake aikowa duk wata shi ke cika mana gida. Bara aka sallame su, aka ce in al'amura sun daidaita za a neme su. Har yau shiru. Yana da mata da 'ya'ya biyu a gidan haya a Kano. A rediyo kuma ana ta cewa tattalin arziki ya fara farfaɗowa. To ina aikin? Yanzu ya ce in sayar da fadamata in saya masa adaidaita sahu. In sayar, ko ya ci gaba da jira?

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya kawo mafita. Shawarata ita ce kada ka sayar da fadamar, shi kuma kada ya zauna jiran kira.

Masu rediyo ba ƙarya suke yi ba, amma abin da suke aunawa daban yake da abin da kake tambaya. Duk wata uku Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan haɗa kuɗin duk abin da aka samar a Najeriya, daga ɗanyen mai har katin waya, ta gwada da na irin wannan lokacin a bara. In ya ragu sau biyu a jere sai a ce an shiga koma-baya, in ya ƙaru ko da kaɗan ne sai a ce an fita. A 2016 mun shiga, bayan farashin mai ya faɗi a duniya. A watan Satumban 2017 aka sanar da fita, da ƙarin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali jama'ar ƙasar na ƙaruwa da fiye da kashi 2 kowace shekara. Rashin aiki kuwa hawa ya ci gaba da yi: kashi 18.8 a 2017, kashi 23.1 a 2018, har 33.3 a ƙarshen 2020, shekarar korona. Daga baya, a 2023, aka sauya hanyar lissafi, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako aka sa shi cikin masu aiki, adadin ya koma kashi 4.1. Wato in ɗanka ya yi dako sau ɗaya a kasuwar Singa cikin mako, a takarda yana da aiki. Ga shi kuma yawancin ƙarin daga bankuna da kamfanonin waya da mai yake fitowa, wuraren da ba sa neman mai kula da injin roba.

Ko da farfaɗowar ta gaske ce, lebura ne na ƙarshen ganinta. Kai ka fi ni sani, ruwan da aka sako daga Tiga ba ranar yake isowa Ringim ba. In ciniki ya fara dawowa, mai kamfani sai ya fara sayar da kayan da suka taru a sito. In sun ƙare, ya ƙara wa waɗanda suka rage awannin aiki. In abin ya fi ƙarfinsu, ya ɗebo 'yan wucin gadi ta hannun ɗan kwangila, a biya su kullum ko mako-mako, ba fansho ba asibiti. Sai ya ga cinikin ya zauna sosai kafin ya sake bai wa wani takardar ɗaukar aiki.

Kuma dubi abin da ke kan mai kamfanin roba a Kano. Ƙwayar robar da ake narkawa farashinta dala yake bi, dala kuwa ta tashi daga wajen naira 460 a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar layin da ake kira Band A, wato layin da ya fi samun wuta, fiye da sau uku, ya koma naira 225 kowane yunit, in an ɗauke kuma sai janareta da dizal. Kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekarar, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba da bashi. Amma abin da ya fi damuna shi ne mai saye. Su wa ke sayen bokiti da buta da silifa? Matan ƙauyenku ne. Ranar da abinci ya cinye kuɗin gida, buta in ta tsage ba a sayen sabuwa, wuƙa ake sawa a wuta a liƙe tsagar da guntun tsohuwar roba. Kowace buta da aka liƙe a Ringim ciniki ne da ya kuɓuce wa Sharada.

Dole in faɗa maka wani abu mai ɗaci: ba kowane aikin da ya tafi ke dawowa ba. Dattawan Kano sun ga lokacin da Bompai da Sharada da Challawa ke aiki dare da rana, masaƙu da majemu da kamfanonin alawa da na man gyaɗa. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa lokacin da atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, yawancin masaƙun sun rufe, wasu gine-ginensu sun koma sito. Tattalin arzikin ƙasa ya yi shekaru yana bunƙasa bayan 2000, amma masaƙun ba su tashi ba. Haka aka yi a Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka. Gwamnati ta ceto General Motors da Chrysler a 2009, suka koma cin riba, birnin kuwa ya ayyana karyewa a 2013, mutanensa sun ragu daga miliyan 1.8 a 1950 zuwa ƙasa da dubu 700. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da aka fara aikinsa a 2020, zai iya rage wa masana'antu tsadar wuta ƙwarai, amma magidanci mai haya ba ya tsara rayuwarsa a kan ranar buɗe bututu.

Abin da ya yi tsiro a Kano da Jigawa cikin shekarun nan kusan duk a jikin gona yake: injinan gyaran shinkafa, musamman bayan rufe iyakoki a 2019, tace riɗi da zoɓo a kewayen Dawanau da Maigatari, matse mai, sai kuma niƙa tsohuwar roba da 'yan gwangwan ke tarawa. Su ma suna da nasu ciwon, farashin shanshera yana hawa yana sauka. Amma lura da kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, wanda aka buɗe a 2016 ya yi ta tsayawa, galibi saboda bai samun isasshen tumatir. Ga inji, ga ma'aikata, abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da ke fitowa daga irin fadamar da ake so ka sayar.

Ita kuma adaidaita sahu, kusan duk wanda aka sallama a Kano tunanin da ke fara zo masa ke nan, shi ya sa titi ya cika. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ga gyara, ga haraji, ga haɗari. Bayan 'yan shekaru babur ya tsufa, fadamar kuwa ta yi tsadar da ba za ka iya fanso ta ba, kuma ƙannensa suna da haƙƙi a kanta. In yana ganin sana'ar za ta karɓe shi, ya karɓi ta wani yana kawo balas na 'yan watanni, ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Littafin zai gaya masa gaskiya ba tare da an taɓa gona ba.

Kafin komai ma, ya bi haƙƙinsa. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar ko fiye, sanarwar wata guda ake ba shi ko albashin wata a madadinta, kuma in rage ma'aikata aka yi dole a sanar da ƙungiyarsu a tattauna kuɗin sallama. Ya nemi takardar sallama a rubuce, don maganar baka ta "za mu neme ku" ba ta amfani a ko'ina. In ana cire masa kuɗin fansho, dokar 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu ba aiki damar karɓar kashi 25 na abin da ya tara. Ya je kamfanin fanshonsa da takardar, ya kuma duba ko an zuba duk abin da aka cire masa. In aka hana shi haƙƙi, akwai ofishin ƙwadago da kotun ma'aikata a Kano.

Sannan, Baba, ka kira shi gida ku zauna, ba da faɗa ba. Magidancin da ya saba aikowa yakan ji nauyin dawowa hannu wofi, kuma wannan nauyin ne ke sa mutane cinye jari a haya. Mutumin da ya shekara shida da inji ya san bel da bodi da wayar wuta, abin da masu injin casa da niƙa da ban ruwa daga Ringim har Haɗeja ke nema kullum. In iyalinsa za su yarda su zauna wajenku na wani lokaci, kuɗin hayar kaɗai ya isa irin shuka da taki na noman rani. Shi kuma ya riƙa shiga Kano lokaci-lokaci yana zaga injinan shinkafa da masu niƙa roba, ya bar lambarsa wajen tsohon shugabansa na aiki da abokan da ba a sallama ba, don ta bakinsu ake fara jin in za a ɗauki mutane.