Ai da gangan ya ɓoye fuskarta

Malam, ka ce a zanen Edvard Munch, mai zane ɗan ƙasar Norway, da ka gani a Oslo ka rasa fuskar marar lafiyar. Da gangan ne. Yayarsa ce Sophie, tarin fuka ya yi ajalinta a 1877 tana 'yar shekara 15, shi kuma sai 1893 ya zana ɗakin da ta yi jinya. Ya zaunar da ita a kujera ta ba mu baya, don masu jinyar yake son ka kalla. Duba mahaifinsu, ya haɗa hannuwa yana addu'a, ƙaninsa ya nufi ƙofa, ƙanwarsa ɗaya ta sunkuyar da kai, ɗaya ta ƙura maka ido. Ɗaki guda, amma ba mai kallon wani. Ni wannan ne ya fi taɓa ni, wallahi.