Hukuncin kiran juna da sunayen dawaki: duƙusa, goɗiya da ingarma

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna zaune a Amurka ni da maigidana da yaranmu. 'Yata mai shekara 13 ta shaƙu da wani shirin zane na yara mai suna My Little Pony, har ta shiga zauren masoyansa a intanet. Kwanan baya na duba wayarta, sai na tarar ba sa ce wa juna yaro ko yarinya, mace ko namiji, da sunayen dawaki suke kiran junansu. Ita "filly" suke ce mata, wai 'yar duƙusa, manyan mata kuma "mare", wato goɗiya. Raina ya ɓaci, na karɓe wayar. Mahaifinta ya ce wasa ne kawai, ni kuwa gani nake ƙasƙantar da ɗan Adam ne. Mene ne hukuncin wannan a Musulunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika duba wayar nan, iyaye da yawa ba sa dubawa.

Malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake. Shirin da kike magana a kai kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ne ya fito da shi a 2010, ya ƙare a 2019. Don ƙananan 'yan mata aka yi shi, kuma taurarinsa ƙananan dawaki ne masu magana, irin wanda Bahaushe yake kira kuru. Tun da babu mutum a duniyarsu, sai aka sa su suna ambaton junansu da kalmomin masu kiwon doki na Ingilishi. Ɗan da bai shekara ba shi ne foal. Namijin da bai kai shekara 4 ba colt, macen filly. Idan sun wuce nan, macen ta zama mare, namijin stallion. Daga baya manya, musamman samari da magidanta, suka shiga kallon shirin, suka raɗa wa kansu suna brony, suka ɗauki waɗannan kalmomi suna kiran junansu da su, hatta "kowa da kowa" everypony suke cewa, kamar yadda dawakin shirin suke faɗa. Ki riƙe wannan batu na shigar manya, zan dawo gare shi.

Ita kanta kalmar, asalin hukuncinta halacci ne. Magana da laƙabi suna cikin al'adu, al'adu kuwa halal ne har sai dalilin hani ya zo. Aron sunan dabba a ba wa mutum, har ma sunan da ke nuna shekarunta, abu ne da ya zo a harshen magabata ba tare da an yi inkari ba. A hadisin farkon wahayi da Bukhari ya ruwaito, Waraƙa ɗan Naufal, yana tsoho makaho, ya ce wa Annabi (SAW): "Ya laitani fiha jaza'an", ina ma a ce ina jaza'i lokacin da mutanenka za su fitar da kai. Jaza'i kalmar makiyaya ce, ta dabba matashiya da ƙarfinta ya fara kawowa, ita ce dai wadda muke karantawa a babin layya da zakka. Waraƙa ya aro ta yana nufin saurayi mai ƙarfi. Alkunyar Sayyidina Abubakar ma, "bakar" ɗin da ke cikinta saurayin raƙumi ne. Sayyidina Aliyu a ranar Khaibara ya yi kirari da sunan da mahaifiyarsa ta sa masa, Haidara, wato zaki. Mu ma a Hausa idan aka ce wa mutum ingarman namiji, ko bajimi, ko toron giwa, murna yake yi.

Doki kuma ba dabbar wulaƙanci ba ce a shari'a. Allah ya rantse da dawaki masu sukuwa a farkon Suratul Adiyat, Annabi (SAW) ya ce an ƙulla alheri a makwarkwaɗar dawaki har ranar alƙiyama. Inda Alƙur'ani ya kamanta mutum da dabba don zargi, kamar kare mai lallage harshe a Suratul A'araf ko jaki mai ɗauke da littattafai a Suratul Jumu'a, mugun hali ake zargi da shi. Ayar da ta dace da damuwarki ta ƙasƙantar da ɗan Adam, "Lallai mun karrama 'ya'yan Adam" (Isra'i, aya ta 70), gaskiya ce, amma karamcin ba ya zubewa don an kira yarinya da laƙabin wasa da take so.

Ma'aunin laƙabi yana cikin Suratul Hujurat, aya ta 11: kada ku jefi juna da miyagun laƙubba. Imam Nawawi ya ambaci haɗuwar malamai a kan haramcin yi wa mutum laƙabin da yake ƙi, da halaccin wanda yake so. Nan ne al'ada take shiga, kuma ina jin nan ne ɓacin ranki ya samo asali. Kunnenki na Bahaushiya ne. A wurinmu idan aka ce wa budurwa goɗiya, gori ake yi mata, ana nufin ta yi girman banza. A zauren su 'yarki kalmar ba ta ɗauke da wannan nauyi, babbar mace kawai take nufi. Saboda haka abin da ya halatta a can tsakanin waɗanda suka yarda da shi bai halatta ta kawo shi gida ta kira yayarta ko gwaggonta da shi ba. Ki koya mata wannan bambanci, zai yi mata amfani fiye da wannan mas'ala ɗaya.

Son ƙananan dawakin wasa ga yarinya shi ma ba sabon abu ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya dawo daga tafiyar yaƙi, iska ta yaye labulen da ke rufe da 'yan tsanar Nana A'isha, ya ga a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya ce, doki da fukafukai? Ta ce, ba ka ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana, bai karɓe mata ba.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kuma na fi jin tsoronsa nesa ba kusa ba a kan kalmar da ta tayar miki da hankali. Waɗannan sunaye shekaru da jinsi suke bayyanawa, kuma a intanet kowa shi yake zaɓar wa kansa. Babu mai buɗe bakinsa ya duba haƙori kamar yadda dillalin doki yake yi a kasuwa. Magidanci ɗan shekara 40 zai iya rubuta cewa shi duƙushi ne, ya saka hoton ɗan doki mai manyan idanu, ya zauna cikin yara ana hira da shi a matsayin sa'a. Namiji zai iya cewa shi goɗiya ce don 'yan mata su saki jiki da shi. Wannan ƙarya ce da ha'inci, kuma rigar wasa ba ta halatta su. Annabi (SAW) ya ce azaba ta tabbata ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, ina ga mai yin ta don ya kusanci 'ya'yan mutane? Ya kuma la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas. Namijin da ya gabatar da kansa ga mutane da kalmar mace, yana so a ɗauke shi mace, bai kuɓuta daga wannan ba don kalmar ta dawaki ce. Ban ce duk manyan da ke son shirin miyagu ne ba, zalunci ne a faɗi haka, da yawansu zane da labari kawai suke so. Sai dai sananne ne cewa akwai wani ɓangare na masoyan da ke zana waɗannan dawaki cikin siffofin batsa suna yaɗawa, kuma yarinya tana iya faɗawa kansu ba da nema ba.

Haka nan idan wasan ya wuce laƙabi, mutum ya fara cewa shi a haƙiƙa doki ne da aka sa a jikin mutum, to ya fita daga abin da na halatta, ya shiga ƙin halittar da Allah ya yi masa a mafi kyawun tsayuwa. Shirin kuma cike yake da abin da suke kira sihiri, suna nuna shi a matsayin alheri. Ki zaunar da ita ki gaya mata wannan tatsuniya ce, sihiri na gaske yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa.

Don haka a kira 'yarki duƙusa a wannan zaure, tana so, kalmar kuma ta dace da shekarunta da jinsinta, babu zunubi a kanta, kuma maigidanki ya yi gaskiya a wannan gefen. Ke ma kin yi gaskiya da hankalinki bai kwanta ba. Shawarata ki mayar mata da wayar, amma ku buɗe zauren tare. Ki tambaye ta su wa ke ciki, wa ke kula da shi, ko akwai wanda ya taɓa neman ta koma hirar sirri ko ta aiko da hotonta. Idan na yara ne da ake sa ido a kansa, ki bar ta da sharaɗin kada ta ba kowa sunanta na gaskiya, ko makarantarta, ko adireshin gida, kuma kada ya ci mata lokacin salla da karatu. Idan kika ga manya ne suka fi yawa, ko ba a san waye waye ba, ki fitar da ita, ko da ba a taɓa kiran ta da sunan doki ba.

Allah ne mafi sani.