Tambaya da Amsa: Shiga Kwamfuta Ba Tare da Kalmar Sirri Ba

Tambaya: Malam, kwamfutata ta gida tana aiki da Windows 11, kuma ni kaɗai nake taɓa ta. Yaya zan yi ta riƙa buɗewa kai tsaye idan na kunna ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta netplwiz, sannan ka cire alamar ɗan akwatin da ke wajabta shigar da suna da kalmar sirri, daga nan za ta nemi ka rubuta kalmar sau biyu domin ta adana ta. Kalmar sirrin asusunka ake buƙata a nan, ba lambar PIN ba. Idan akwatin bai bayyana ba, abin da ya zama ruwan dare a Windows 11, sai ka fara kashe sharaɗin shiga da Windows Hello kaɗai a sashen asusu na saituna.

Sai dai ba na ba da wannan shawara ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka, domin duk wanda ya ɗauke ta zai tarar da imel da hotuna a buɗe.