Shekara biyu na yi gadi a ƙofar 'yan punk

Salamu alaikum. Malam, ka tambaya ko wannan kiɗan punk da Turawa ke caccakar gwamnati da shi yana da sauran tasiri, ko kuwa ya bi zamaninsa tun lokacin Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya. Bari in sa baki, don ni da ido na gani. Lokacin da nake karatu a Leeds ta Ingila, gadin ƙofa nake yi da dare ina haɗa kuɗin haya, kuma kusan shekara biyu wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa aka riƙa tura ni, wanda da kyar yake cin mutum ɗari biyu.

Daren farko abin kunya na tafka. Ana fara kiɗa sai tsakiyar ɗakin ya yamutse, ana ta bangazar juna, wani saurayi ya zube ƙasa. Na kutsa da gudu zan raba faɗa. Kafin in kai, mutum uku sun ɗaga shi, ya yi dariya ya koma ciki. Wata mata da ta haura hamsin, gashinta ja kamar zoɓo, ta ja ni gefe ta ce in kwantar da hankalina, rawar ke nan, kuma dokarta ɗaya ce: wanda ya faɗi a tashe shi. Daga baya na gane nas ce a asibiti. Ita ta riƙa ba ni labarin asalin abin idan ta fito shan iska.

A 1976 Ingila ta shiga matsin da sai da ta je neman rance wurin IMF, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, yaran talakawa suna gama makaranta su zauna. Cikin waɗannan yaran aka samu ƙungiyoyin punk irin su Sex Pistols da The Clash. A 1977, daidai bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 kan gado, Sex Pistols suka fitar da waƙar da ta yi wa sarautar tatas. BBC ta hana sa ta, amma duk da haka ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Afrilun 1978. Lokacin jam'iyyar National Front tana ganiyarta, tana cewa a kori baƙaƙe da 'yan Asiya. Sai dubban matasa suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park a gabashin Landan, The Clash suka hau dandamali tare da masu kiɗan reggae baƙaƙen fata. Matar nan tana wurin, tana 'yar shekara 16, ta ce ƙarya ta yi wa uwarta ta hau motar zuwa. Ni baƙar fata da ke tsaye a ƙofa bayan shekara kusan arba'in, ka ga ai ba zan ce abin bai shafe ni ba.

To me ya sa bai mutu ba? A ganina araharsa ce. Ba ya buƙatar ƙwarewa, ba ya buƙatar kamfani. Ka iya danna jita hanya uku, ka samu mai ganga, kana da abin da ke cin ranka, shi ke nan. Waƙa minti biyu ta ƙare. Yakan tuna mini da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ya ishe shi ya faɗi halin da karen mota ke ciki. Abin da talaka zai iya yi da kansa wuyar kashewa gare shi, muddin abin da ya sa shi kukan yana nan. Yaran da na gani a dandamali ba a ma haife su ba lokacin Thatcher, amma kukan bai canja ba: tsadar haya, aikin da ba a san ranar kora ba, 'yan sanda, wariyar launi. Akwai daren da kuɗin shiga fam biyar ne, ko ka kawo gwangwanin abinci. Ni nake karɓa a ƙofa, wake, taliya, madara, ina jerawa a kwali, da safe a kai inda ake raba wa mabuƙata.

Su ma masu mulki sun san ba wasa ba ne. A Jamus ta Gabas hukumar leƙen asiri ta Stasi ta bi 'yan punk da bincike da ɗauri. A Rasha, a Fabrairun 2012, wasu mata 'yan punk suka shiga babban cocin Mosko suka rera waƙar adawa da Putin, aka yanke wa uku daga cikinsu ɗaurin shekara biyu-biyu.

Amma kada in cika ka da zuƙi. Punk bai taɓa kayar da gwamnati ba. Duk zagin da suka yi wa Thatcher, ta ci zaɓe a 1979, ta ci a 1983, ta sake ci a 1987. Kasuwa kuma ta haɗiye wasunsu: mawaƙin Sex Pistols ɗin nan da ya zagi sarauta, a 2008 tallan man shanu yake yi a talabijin. Ba kuma dukkansu ne mutanen kirki ba, akwai masu aƙidar Nazi a cikinsu, har wata ƙungiya ta San Francisco, Dead Kennedys, ta yi musu waƙa a 1981 tana korarsu. Af, mawaƙin ƙungiyar Jello Biafra ake ce masa, daga Biyafara tamu ya ɗauko sunan, kuma ya tsaya takarar magajin garin a 1979 ya zo na huɗu. Sannan ga giya, ga ashar. A matsayina na Musulmi akwai abubuwa da yawa a ɗakin nan da ba nawa ba ne, kuma ba zan ce wa ɗan kowa ya kwaikwaya ba. Sai dai su ne suka riƙa share mini lungu a ɗakin ajiyar kaya in yi sallar isha'i, wani mai askin zakara ya tsaya mini a ƙofa har in idar.

Idan za ka saurara don ka fahimta, nemi rubutattun baitocin ka karanta tukuna, don a kunne ba za ka ji komai ba sai ihu. Ka kuma rage ƙarar kiɗan. Ni sai da na yi wata uku kafin wani ya tausaya ya ba ni abin toshe kunne, kuma har yau na hagun yakan yi mini ƙara idan dare ya yi tsit.