Ina So in Fara Kai Baƙi Yawon Dare a Birnin Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni matashi ne da na kammala karatun tarihi, kuma na daɗe da ɗabi'ar zaga lungunan cikin birnin Kano bayan sallar Isha'i, domin a lokacin ne nake jin birnin ya fi kwanta mini a rai. Ina so in mayar da wannan yawo ƙaramar sana'a, in riƙa kai baƙi suna biyana, amma jarina kaɗan ne. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Niyyarka ta faranta mini rai, sai dai akwai abin da ya kamata ka fahimta tun kafin ka kashe ko sisi. Wuraren da aka fi kai baƙi a Kano duk na rana ne: masu rini a marinar Ƙofar Mata suna tashi kafin duhu, rumfunan Kasuwar Kurmi suna rufewa wajen Magariba, kuma gidan tarihi na Gidan Makama ba ya karɓar masu ziyara da dare. Abin da ya rage bayan Isha'i shi ne unguwannin mutane, da zaurukansu, da makarantun allonsu, saboda haka jarinka na farko shi ne yardar masu waɗannan unguwanni.

Ka fara da zuwa gaishe da mai unguwar kowane wuri da za ka ratsa, ka bayyana masa manufarka, ka nemi ya haɗa ka da limamin masallaci da 'yan sintirin unguwar. Kada ka raina wannan mataki, domin ayarin baƙin fuska da ke yawo cikin lungu da dare suna ɗaga wayoyi abu ne da ke tayar wa magidanta hankali, kuma suna da gaskiya. Idan kuwa wani dattijon unguwar Sharifai ya amince ya zauna da baƙinka a zaurensa ya ba su labarin zuwan Shehu Al-Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, to ka sami abin da ya fi duk wani hoto daraja, kuma wajibi ne ka ware masa ladansa a cikin kuɗin da ka karɓa, ba ka bar shi da godiya kawai ba.

Shawarata ita ce tafiyar ta soma da La'asar sakaliya. Ku leƙa marina da Kurmi da sauran haske, sannan ku hau Dutsen Dala kafin faɗuwar rana, inda za ka nuna musu Goron Dutse da shimfiɗar tsohon birni, ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da badalar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa wajen ƙarshen ƙarni na 11. Wanda ya tsaya a can kiran sallar Magariba ya tashi daga masallatai ta kowace kusurwa ba zai manta da Kano ba. Ku sauko da sauran gani, a yi sallah, a bi lungu biyu ko uku da ka riga ka sani ciki da waje, a nuna wa baƙi tsofaffin soraye na tubali da azara da zankwayensu, sannan a rufe da gurasa da balangu a wurin mai sana'ar da ka yarda da tsaftarsa. Ka tabbata kowa ya kama hanyar masauki kafin ƙarfe 10, kuma ka tanadi direban da zai jira ku, domin a 2022 gwamnatin jihar ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga wannan lokaci zuwa ƙarfe 6 na safe.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. Ƙwacen waya matsala ce da Kanawa suka sani, don haka kada ayarinka ya wuce mutum shida, ka ɗauki ɗan unguwa ya yi muku rakiya, kuma ka shaida wa baƙi tun farko cewa ba a ɗaukar hoton mata ko almajirai ko ƙofar gidan wani sai da izini, sannan su yi shigar da ta dace da garin.

Game da kuɗi, ka haɗa na abin hawa, da abinci, da ladan ɗan rakiya da na dattijo, ka ɗora ribarka, ka raba bisa mutum huɗu, ta yadda ko biyu ba su zo ba ba za ka faɗi ba. Ka yi rajistar sunan sana'arka a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, domin otal-otal sun fi sakin jiki su tura baƙinsu ga mai takarda, kuma ka ziyarci Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ka ji ƙa'idojin da suka shafi aikin.

Kada ka zauna jiran Turawa. Masu sayenka na farko su ne 'yan hidimar ƙasa, da 'yan kasuwar da suka zo sari Kantin Kwari, da 'ya'yan Kanawa da suka tashi a Abuja ko Legas ba su taɓa taka Jakara ba. Hunturu ya fi daɗin tafiya, damina kuwa tana ɓata lungu da taɓo. Dararen azumi, musamman daga goma ga wata lokacin da yara ke fita tashe, su ne suka fi armashi, haka ma, a shekarar da aka yi shi, kwanakin hawan Sallah, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2024. Kafin nan, ka gwada hanyar sau uku da abokanka kyauta, ka riƙa duba agogo, ka rubuta duk inda suka gaji da duk inda suka tsaya suna tambaya.