Ga Hajiyar da ɗanta ya koma hira da waya

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya, cewa ɗanki mai shekara 15 ya rage zuwa wurin abokansa, kullum yana ɗaki yana hira da Meta AI, manhajar nan mai amsa magana kamar mutum, a WhatsApp, har damuwarsa ita yake faɗa wa, kina son sanin ko ya fi yarda da na'ura ne a kan mutane. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare nan cikin Katsina, ina shirya 'yan aji shida tun da JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Da irin ɗanki nake wuni.

A ganina ba yarda ba ce, kunya yake gudu. Yaro a waɗannan shekarun babu abin da yake tsoro kamar a yi masa dariya. Na sha ganin ɗalibi bai gane darasi ba, ya ƙi ɗaga hannu, ya ƙi tambayar na kusa da shi, amma da ya zauna gaban kwamfuta sai ya maimaita abu ɗaya sau biyar. Na'ura ba ta gori, ba ta kai labari majalisa. Sirrin da ya faɗa wa aboki da safe kuwa, kafin la'asar yana iya jin sa a filin ƙwallo.

Ko zaluncin na'ura da na mutum ba ɗaya yake ji ba. Idan manhajar gwaji ta cinye wa yara maki, tsaki kawai suke yi su sake. Amma akwai shekarar da wasu ɗalibaina suka yi adashe na kuɗin tara, ɗaya ya kwashi nasa ya daina zubi. Kusan zango guda ba mai yi masa magana. An taɓa gwada irin wannan a Amurka, aka wallafa a 2003, duk da manya aka gwada: a ba mutum dala 10 ya raba da kai, in ka ƙi rabon ku duka ku tashi a tutar babu. Idan mutum ne ya yi rabon son kai, mutane sun fi ƙin karɓa. Idan kwamfuta ce, sun fi haƙura su karɓa. Na'ura ba ta da niyya, shi ya sa ba ta cin amana, kuma ba ta riƙe ta.

Ba wai ina cewa abokai alheri ne zalla ba. Wani binciken na 2005 ya sa matasa wasan tuƙin mota a kwamfuta, aka ga sun fi ganganci idan sa'anninsu na wurin, manya kuwa ba su canza sosai ba. Duk wanda ya ga yadda yaranmu ke wasa da babur ranar biki ya san haka.

Abin da ke damuna shi ne ƙarshen labarin adashen nan. Yayan yaron ya shiga tsakani, ya biya kaɗan-kaɗan, suka mayar da shi cikinsu amma suka sa shi kwasar ƙarshe. Ba wanda ya koya musu wannan dabara, kuma wallahi ta burge ni. Yaron da ke ɗaki shi da waya ba inda zai koyi yadda ake gwada mutum, a yafe masa, a kuma yi hattara da shi.

Kada ki ƙwace wayar, zai ƙara ɓoye miki. Ki zauna da shi ku tambayi Meta AI abin da ya sani sarai, kamar ƙofofin Katsina ko tarihin Gobarau, ya gani da idonsa cewa tana iya kuskure ba tare da ta nuna shakka ba. Ki kuma sanar da shi abin da yake rubuta mata yana isa ga kamfanin, ba ya tsayawa a wayarsa. Sannan a binciki me ya haɗa shi da abokan, don sau da yawa akwai abin da ya faru. Wannan tambayar kam kawunsa ko yayansa ya fi dacewa ya yi ta, su biyu, ba a gaban ƙannensa ba.